Hannun ɗumi da caja a kan V-Strom: kai tsaye a batir ko ta rile?

Ka sa rile, ɗan'uwa, wato ɗan akwatin nan da ke buɗe wa kaya wuta idan an kunna babur, ya yanke idan an kashe. Da na ga tambayarka a kan ko ka ɗaura wayar robar hannu mai ɗumi da cajar waya kai tsaye a kan batir, ko ka bi da su ta rile, sai da na yi dariya, don duka biyun na yi a kan babur Suzuki V-Strom 650 irin naka, kuma ɗaya ta kwana da ni a Yawuri babu shiri.

Kai tsaye ɗin tana aiki, ba zan hana ta haƙƙinta ba: jar waya a fozitif, baƙa a nagetif, minti goma an gama. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Wani mai rewaya ne ya yi mini haka, na isa Yawuri bayan magariba, na zare ki, wato makullin babur, na shiga masauki, na bar hannun a kunne. Robar nan biyu idan ka ƙure su suna jan wuta kusan am (amfiya) 4, batirin babur ɗin kuwa am 10 ne a awa. Ka yi lissafi da kanka. Tun kafin ya kai rabi ma sitata ta daina juya inji. Da safe ko ƙyas. Babu kik, ga shi babur mai injekta ne, famfon mai sai da wuta yake tashi, don haka yaran da suka tura ni wahalar banza suka sha. Za a ce maka ai sababbin robobin ɗumi na kamfanin Oxford suna kashe kansu idan suka ji inji ya tsaya. Gaskiya ne. To cajar fa? Ita tana nan tana tsotsa kaɗan-kaɗan ko babu waya a jikinta, ka ajiye babur mako biyu ka gani.

Akwai kuma masu fere wayar babbar fitila su liƙa komai a jiki. Wannan kada ma ka saurare su. An auna wayar nan da fis ɗinta ne daidai nauyin fitila, ka ƙara mata kaya fis ya tsinke da daddare tsakanin Koko da Jega, ka san sauran labarin.

Yanzu ga rile. Ɗan akwati ne baƙi mai ƙafa huɗu, irin na mota, duk mai sayar da kayan wutar mota a Birnin Kebbi yana da shi. Ka juya shi za ka ga lambobi a gindin ƙafafun. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga fozitif na batir, kuma a kan wannan wayar za ka sa fis, dab da batir, kada ya wuce tsawon tafin hannu. Dalili shi ne duk abin da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaro, idan ya goge da ƙarfe wuta ce. Lamba 87 ita ke kai wa kayanka. Lamba 85 ta tafi nagetif. Lamba 86 kuwa ita ce mai ba da umarni: ka ɗauko ta daga wayar da ba ta da wuta sai an murɗa ki. Ni daga fitilar baya na ɗauka, tunda tana kusa da ƙarƙashin kujera. Abin da rile yake sha daga can bai kai kashi ɗaya cikin biyar na am ba, fitila ba ta ma san da shi ba. Nauyin duk yana kan batir, amma ki ne yake buɗe ƙofa yake rufewa. Abu ɗaya: makullin Suzuki yana da wurin P bayan LOCK, inda ki yake fita amma fitilar baya tana ci. Ka zarce can da sauri, rile ma yana kunne. Ka riƙa waiwayawa kafin ka bar babur.

Daga 87 na kai waya ƙaramin akwatin fis mai gida huɗu. Babban fis na batir am 15, hannun ɗumi 5, caja 3, ƙananan fitilun LED biyu masu wat 10 kowanne su ma 5. Gida ɗaya yana nan fanko. Babbar waya milimita 2.5 na sa, rassan 1.5. Baƙaƙen wayoyin duk na dawo da su nagetif na batir, ban dogara da kusoshin jikin babur ba, don ƙura da tsatsa suna shiga tsakani.

Hunturu uku ke nan ban sake tunanin batir ba. A Janairun da ya wuce na fito bayan asuba zan je Argungu, hazo ya rufe fadama, iska tana yanka kamar reza. Abokin tafiyata, wanda ya fi kowa yi mini ba'a wai mutumin Kabi da hita, bai kai rabin hanya ba ya tsaya yana cusa hannu kusa da inji. Yatsunsa sun ƙage, kuloci ma da ƙyar yake ja. Ni kuwa tafin hannuna kamar na riƙe kofin shayi. Muka tsaya wurin mai shayi, na zare ki, na ji rile ya yi ƙas, na yi tafiyata. Na san wata biyu kawai hannun ɗumin yake amfani a shekara, Disamba da Janairu, idan Afrilu ta zo ko kallon madanninsa ba ka son yi. Amma caja da fitilu kullum ne, kuma rile ɗaya ke ɗauke da su duka.

Wajen saka robar, ta dama ta fi faɗin rami saboda bututun totur, kada ka musanya su. Ka bar wa wayarta ɗan sako, ka murɗa totur har ƙarshe ka saki, dole ya koma da kansa nan take. Ka juya kan babur hagu da dama har iyaka ka ga babu wayar da ta miƙe. Gam ya bushe kafin ka hau. Haɗin waya kuma a kama shi da dalma ko a matse da kan waya, a rufe da robar da ake ƙonawa ta tsuke. Baƙin salatef kaɗai zafin Maris yana narkar da gam ɗinsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara a shago. Akwai wayar da samanta ja ne kamar jan ƙarfe, cikinta gorar ruwa. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa, in ka ga fari ka ajiye masa abarsa, ko ka kanga mata ashana, ta jabu nan take take lanƙwashewa ta dagargaje. Fis na jabu ya fi wannan sharri, an rubuta 5 amma sai waya ta narke bai tsinke ba. An taɓa cusa mini rile da aka ciro daga tsohuwar mota, an goge an sa a sabon kwali. Ka sa a taɓa 85 da 86 a batir a gabanka, ka ji ƙarar, sannan a auna 30 da 87 da mita.

Wanda yake da BMW GS a cikinmu kada ya yanki wayar fitila, kwamfutar babur ɗin tana lissafin wutar kowane layi, soket ɗinsa ma yana yankewa idan aka wuce kamar am 5. Nasa zancen daban ne.

Idan ka gama, ka tayar da inji, ka kunna komai, ka ɗora mita a kan batir. Idan ka ɗan murɗa totur ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In yana zaune ƙasa da 13, kwayil ɗin da ke cajin batir ba ya biyan abin da kake ci, ka rage fitilu kafin ka kama hanyar Zuru.