Wuni ɗaya a Zanzibar: ina ya kamata kuɗinka su tafi?

'Yan uwa Sakkwatawa masu zuwa Darussalam ta ƙasar Tanzaniya harkar kasuwa ko yawon amarci, in za ku tsallaka Zanzibar na wuni ɗaya ku tsaya ku ji. Jirgin ruwa kusan awa 2 yake yi, kuma tun Oktoban 2024 baƙo sai ya biya inshorar dole ta dala 44, to lokacinka da kuɗinka ba na zubarwa ba ne.

Abu uku za a tallata maka kana sauka. Akwai kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu kallon manyan kunkuru, rabin wuninka ya tafi kenan a kan ruwa da layin hoto. Akwai gonar kanumfari da kirfa a bayan gari, ita ma dai a bar wa mai kwana uku.

Ni wallahi na ukun, wato tsohon garin nan, Stone Town, shi nake ba kowa shawara, kuma da ƙafa. Fara da kasuwar Darajani da sassafe kafin gumi ya jiƙe maka riga, ga kifi ana sarawa a kan benci ga dabino da kayan yaji tsibi-tsibi, daga nan ka faɗa lungunan da mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu har da ayoyi a samansu. Ka je inda kasuwar bayi take da, wadda aka rufe a 1873, ka sauka ɗakunan ƙasan nan masu duhu, jikinka zai yi sanyi. Sai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bakin teku. Masallaci kuwa ko ina ka juya akwai, abinci halal ne ba sai ka yi ta tambaya ba.

Amma fa a kula! Samarin nan da ake kira papasi za su biyo ka da "ɗan uwa Musulmi", su raka ka lungu biyu su ce a biya su da dala. In kana son ɗan rakiya, nemi mai katin shaidar hukuma, ku gama ciniki kafin ku ɗaga ƙafa.

Da magariba kowa Forodhani yake nufa, wato filin bakin teku da ake cin kasuwar abincin dare, kuma nan ne aka fi cutar baƙo. Kifi da jatan lande da aka jera tun rana ana ɗumamawa, wani mai tebur ya taɓa sa ni kwana ina zaryar bayi, kuma kuɗin da ya faɗa bayan na ci ba shi ya faɗa da farko ba. Ka tambayi farashi tukuna, da shilin ɗinsu, a gasa a gabanka. Ci mishkaki, tsirensu kenan, da miyar urojo mai tsami-tsami, ka kora da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Za'afaran ɗin da ake sayarwa da arha a leda kuwa kada ma ka taɓa, yawanci ba na gaske ba ne. Kanumfari da kirfa ka saye su ƙwaya da ɓawo, ba gari ba, ka shinshina kafin ka miƙa kuɗi.