Manhajar lissafin shago: aiki mai kyau, sabuntawa mai ɗaga hankali

Manhajar lissafin kayan nan da ake ta yayatawa a shagunan Kasuwar Bacci da na titin Ahmadu Bello a Kaduna, aikinta ba laifi. Abin da ya ishe ni shi ne kusan duk mako sai sun saki sabuwar siga, kuma ba sa faɗin abin da suka taɓa. Kullum bayanin ɗaya ne: an gyara wasu kurakurai. Waɗanne?

Wadda ta fi ƙona min rai ta sauka ne cikin dare. Gari na wayewa firintar rasit, ƙaramar nan mai takardar milimita 58 da ke haɗuwa ta Bluetooth, ta ɓace daga manhajar. Waya na ganinta, manhaja ba ta gani. Yaran shago suka koma rubuta rasit da biro, kwastoma na tsaye yana ƙorafi. Dalilin kuwa sananne ne: tun Android 12 na 2021 aka ware wa Bluetooth izininsa daban, duk manhajar da aka ɗaga zuwa wannan mataki dole ta nemi izinin na'urorin da ke kusa. Masu manhajar sun ɗaga ta, amma ba su sa ta tambayi mai waya ba. Gyaran bai kai minti biyu ba: a shiga saitin waya, a buɗe manhajar, a je wajen izini, a kunna na na'urorin kusa, a rufe ta a sake buɗewa. Amma wa zai gaya wa mai shago haka?

A nan zan ɗan yi musu uzuri, domin Google Play na tilasta wa masu manhaja su riƙa bin sabon Android duk shekara. Kuma saurin ya yi rana, kuskuren lissafin ragi da suka yi sati guda kacal ya ɗauka aka gyara.

Sai dai uzurin ya ƙare a kan masu haɗa ƙananan manhajoji da ke jingina da ita. Akwai matasa nan Kaduna da ke rubuta abin da ke kwashe cinikin rana zuwa Excel. Kamfanin ya sauya jerin ginshiƙan fayil ɗin cinikin da manhajar ke fitarwa, farashi ya faɗa gurbin adadi, alhali lambar ƙarshe ta sigar kawai ya canza, kamar daga 3.2.1 zuwa 3.2.2. A ƙa'idar lambobin siga wannan ƙaramin gyara ne, sauyin da zai karya aikin wani kuwa lambar farko ake ɗagawa. Mai shago bai san wannan ba, matashin da ya ba kuɗi ya yi masa aikin shi zai kira da faɗa.

Chrome ma, manhajar shiga intanet, a 2021 ya koma fitar da sabuwar siga duk mako huɗu, amma yana da sigar gwaji da ake gani tukuna, da wata ta mako takwas don ma'aikatu. Ubuntu, tsarin sarrafa kwamfuta, na da siga mai tallafin shekara biyar. Masu manhajar shagon nan kuwa ba su da ko ɗaya, ga cin data.

Tauraro biyu na ba su. Wanda ya riga ya saya, ya buɗe shafinta a Play Store, ya danna ɗigo ukun nan na sama, ya kashe sabuntawa da kanta. Ya fara gwada sabuwa a waya ɗaya bayan an tashi kasuwa, ya buga rasit, ya fitar da fayil ya duba, sannan ya taɓa sauran.