Wata bakwai muna lafiya da manhajar tsara aiki, Juma'a ɗaya ta zubar min da mutunci

Tsakanina da Allah, manhajar nan ta yi min rana, gara in fara da wannan kafin haushi ya taso min. Duk wanda ya san shagon ɗab'i a lokacin bukukuwa, daga bayan ƙaramar salla zuwa babba da kuma ƙarshen shekara, ya san yadda kan mutum yake ɗaukar zafi. Katin ɗaurin aure, kalandar biki, sitika, littafin rubutu mai hoton ango da amarya, banar walimar sauka, kuma kowa ya shigo cewa yake nasa na gaggawa ne. Shekara da shekaru a jikin farin allo nake rubuta ayyuka da maka. Yaro ya zo wucewa ya goga da kafaɗa, shi ke nan aikin wani ya bi iska.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ne ya haɗa ni da manhajar. Sunanta ba sai na kama ba, masu amfani da irinta za su gane. Ba a sauke komai, a burauza ake buɗe ta, laftof ɗin shago da wayoyin yarana uku duk abu ɗaya muke gani. Kowane aiki kati ne, kana jan sa daga layin "ya shigo" zuwa "ana kai" zuwa "an gama", irin tsarin da Trello ta shahara da shi tun 2011, wanda asalinsa daga masana'antar Toyota ne a Japan, inda ake liƙa kati a jikin akwatin kayan haɗa mota. Ga launi huɗu na fifiko, ja shi ne mafi zafi. Har da akwatunan nan huɗu da ake jinginawa ga Eisenhower, tsohon shugaban Amurka, na raba abin da yake da muhimmanci da abin da gaggawa kawai gare shi. Wannan ban taɓa buɗe shi sau biyu ba, domin a shagon ɗab'i mai kuɗi a hannu shi ne muhimmi kuma shi ne na gaggawa.

Wata bakwai ban manta aikin kowa ba. Har na fara yi wa maƙwabtana masu shago gori.

To ga abin da ya faru. Akwai wata Hajiya da ta kawo min aikin biki har sau uku, kuma ita ce take turo min ƙawayenta. Wannan karon 'yar ƙanwarta za a aurar a Katsina ranar Asabar. Mun gama kalanda 300, an ɗaure su cikin kwali, sai ranar Alhamis da daddare ta turo min saƙon murya cewa an yi kuskure a sunan mahaifin ango, daga wajensu ne ma kuskuren ba daga wajenmu ba. Na ce Hajiya ba komai, shafin farko kaɗai za mu sake bugawa, da safe za a yi. Ta ce akwai direban da zai tashi daga tasha kafin a tafi masallaci, lallai kaya su isa hannunsa kafin sha biyu. A zaune nake a gida na buɗe wayata na sa wa katin jan launi, na saka tunatarwa ƙarfe 8:30 na safiyar Juma'a, na kwanta hankalina kwance. Ko yaro ɗaya ban kira ba. Me zai sa in kira, alhali ina biyan na'ura kuɗi don ta riƙe min irin wannan?

Da safe aka kawo wuta tun wajen bakwai da rabi. Wanda yake ƙona dizal ya san me hakan ke nufi: duk wani babban aiki da ke jira, a lokacin ake afka masa kafin a ɗauke. Muka hau kan banoni. Laftof na buɗe a gabana, manhajar zane ta CorelDRAW na kan fuska, shafin manhajar kuma yana can a burauza inda yake kullum, ina ganin ɗan tambarinsa a sama. Lasifika a kunne. Takwas da rabi ta wuce, tara ta wuce, babu ƙara babu saƙo.

Sha biyu da kwata waya ta yi ƙara. "Malam, direba ya ce bai ga yaronka ba." Gabana ya faɗi. Ina riƙe da waya a kunne na danna shafin. Sai ya yi fari fat, ɗan da'irar nan ta fara juyawa, ya sake lodawa daga farko kamar yanzu aka buɗe shi, sannan ya yi min ƙara, ƙilin, da jan rubutu wai aikin ya makara da awa uku da minti arba'in da biyar. Wallahi wannan ƙarar ita ta fi komai ƙona min rai. Kamar mai gadin da ya farka bayan ɓarayi sun gama kwashe kaya, ya hau busa usur.

Ban samu jam'in Juma'a a masallacinmu ba ranar, sai da na bi wani da suke tayarwa a makare. Muka buga shafin bayan la'asar, muka sake haɗa kalanda 300 ɗaya bayan ɗaya da hannu har bayan isha'i, asubar Asabar na ɗauki shatar mota da kuɗina na tura yaro da kayan. Sun isa ana shirin ɗaurin aure. Ribar aikin gaba ɗaya ta tafi a kuɗin mota da takarda, wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya tsaya min shi ne maganar Hajiya, cikin sanyin murya ba faɗa ba zagi: "Ai da ka ce ba za ka iya ba, da na san yadda zan yi." Yau wata biyu, ta yi wani bikin, a hotuna na ga kalandar, ba bugun shagona ba ne.

Ranar Lahadi na sa aka kira min ɗan yayar tawa, na ce zo ka ga abin da ka jawo min. Ya zauna ya duba, ya ce "Kawu, agogon tunatarwar nan a cikin shafin yake zaune, ba a wajen kamfanin ba." Yadda ya bayyana min, burauza tana da nata tsarin fifikon, kamar yadda nake da nawa a shago. Shafin da kake kallo shi take ba wa ƙarfi, wanda ke ɓoye a baya kuma ta rage masa. Tun fitowa ta 88 ta burauzar Chrome, a farkon 2021, shafin da ya yi sama da minti biyar a ɓoye kuma ba ya fitar da sauti, ana iya mayar da duba agogonsa zuwa sau ɗaya a minti, don a rage cin batir. Ya ce da wannan ne kaɗai, da jinkirin minti ɗaya zan gani. Abin da ya same ni shi ne Memory Saver, wanda ya zo a ƙarshen 2022: idan shafi ya daɗe ba a taɓa shi ba, burauza tana sauke shi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta gaba ɗaya, ta bar sunansa kawai a sama. Shi ya sa ya yi fari ya sake lodawa. Duk safiyar nan gawar shafi nake kallo. Laftof mai ƙwaƙwalwar giga 4, ga CorelDRAW na cin nasa, ba abin mamaki ba ne.

Ni ban ga laifin burauza ba a nan, aikinta take yi, kuma da ba ta yin haka da laftof ɗin nan ya daɗe da sandarewa a hannuna. Abin da ya ba ni haushi shi ne da yaron ya ce akwai hanyar da aka tanada domin irin wannan. Kamfani ya riƙe lokacin a wajensa, idan ya cika ya turo sanarwa, burauza ta nuna ko da shafin a rufe yake. Chrome na da wannan tun 2015, iPhone ma ta samu a Maris 2023 ga wanda ya ɗora shafin a fuskar wayarsa. To mutanen da sana'arsu ke nan, su ce ba su san haka ba?

Sun sani. Na rubuta musu, bayan kwana uku suka amsa da dogon Turanci mai ladabi, cewa tunatarwar da ke aiki ko shafi na rufe tana cikin tsarin biyan kuɗin da ke sama da nawa, a nawa kuma "ana ba da shawarar" a bar shafin a gaba. A ina aka rubuta haka lokacin da nake biya? Na koma na duba, yana nan can ƙasan wani shafin taimako da sai ka danna sau huɗu kafin ka kai. Maɓallin tunatarwar kuwa iri ɗaya ne sak a duka tsarin, da hoton ƙararrawa ɗaya. Kuma ni ba a na kyauta nake ba. Da dala nake biya, kowa kuma ya san abin da dala ta zama tun da aka saki naira a Yunin 2023, ga wahalar da na sha wajen neman katin da zai wuce a shafin ƙasar waje.

Da na fara wannan rubutu niyyata in ba manhajar tauraro uku cikin biyar. Yanzu da na tuna sauran, ban ga dalili ba. Akwai wani maɓallin da ke jera maka aiki da kansa bisa launi da ranar karɓa. Makon farko da na gwada shi, duk aikin Asabar ya kwashe ya mayar Litinin, wai hutun ƙarshen mako ne. Asabar da ita ce ranar da shago ya fi cika! Na gyara ranakun, amma har yau ban samu inda zan gaya masa cewa Juma'a daga sha biyu da rabi zuwa uku babu kowa a bakin inji ba, sai dai in ƙirƙiri aikin ƙarya mai suna "masallaci" in maimaita shi duk mako. Ga kuma ranar da sabis ya yi rauni, yaro ya ja kati zuwa "an gama" a wayarsa, da sabis ya dawo sai katin ya koma inda yake, muka kusa buga rasit ɗin wata makaranta sau biyu.

Ba zan ɗora mata komai ba dai. Maganar launi laifinmu ne. Cikin wata biyu yarana sun mayar da komai ja, domin duk kwastoman da ya ɗaga murya sai a sa masa ja don a rabu lafiya. Ranar Juma'ar nan akwai jajayen kati goma sha ɗaya a allon, ko da na leƙa da ido ba lallai na Hajiya ya fito daban ba. Kuma aiki irin wannan, da na ɗaga waya na gaya wa babban yarona tun daren Alhamis, da an wuce wajen. Wannan na sani, matata ma ta faɗa min fiye da sau ɗaya.

Yanzu ga yadda muke. Ɗan yayata ya saka shafin cikin jerin waɗanda burauza ba za ta sauke ba, akwai wajen yin haka a saitin Chrome. Na kafa doka cewa ja ba zai wuce uku ba a rana, kuma ni kaɗai ke sa shi. Duk aikin da ke da mota ko jirgi ko ɗaurin aure a bayansa, ina saka shi a ƙararrawar wayata, irin wadda ke tashe ni sallar asuba. Farin allon ma na sa an ciro shi daga sito an sake kafa shi, wannan karon can sama inda kafaɗar yaro ba ta kaiwa.

Tauraro biyu. Kuɗin da na biya zai ƙare a ƙarshen watan gobe, kuma jiya suka turo min saƙon rangwame idan na hau tsarin da ke sama. Ban amsa ba tukuna.