Kunshin taron lissafi: na biya, na je, ga yadda na same shi

Tun da na dawo Gombe mutum uku ke nan a sashenmu suka tsare ni da tambaya iri ɗaya, wai Malam wannan kunshin da kwamitin shirya taro ke tallatawa a biya ne ko gara mutum ya yi ta kansa. Na gaji da maimaitawa a ofis da bakin masallaci, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan ƙungiyar ko jami'ar da ta karɓi baƙuncin ba, can ƙasar Yarbawa dai aka yi, kwana huɗu, waɗanda muka je tare sun san inda nake nufi.

Abin da suka ce kunshin ya ƙunsa shi ne rajista, ɗaki a masaukin baƙi na kwana huɗu, bas da zai riƙa kai mu zaure safe ya dawo da mu yamma, shayin ƙarfe goma sha ɗaya da abincin rana, sai jaka da littafin taƙaitattun maƙaloli da satifiket. In ka ga dama ka biya rajista zalla ka nemi sauran da kanka. Ni dai na biya gaba ɗaya, kuma in taƙaice muku, ɗakin nan shi kaɗai ya fanshi kuɗina, sauran kuwa kowanne da nasa labarin.

Rajistar ba ta ba ni wahala ba, ka cike fom a intanet, ka ciro lambar Remita ka biya ta waya ko a banki. Sun nemi taƙaitaccen bayanin maƙala da lambar rukuni ta MSC 2020, wato jerin lambobin da ake rarraba fannonin lissafi da su, tawa 92D30 ce tunda a kan lissafin yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro nake aiki. Sun ce LaTeX, wato manhajar tsara rubutun lissafi, ko Word duk ɗaya ne, to wallahi ba ɗaya ba ne. Abokin tafiyata da Word ya tura, da littafin ya fito duk alamomin Girka na cikin nasa sun koma ƙananan akwatuna, beta akwati, lamda akwati, mutum ya yi wata biyu yana aiki a ƙarshe kamar an zuba ɗan wake a shafi. Nawa da na rubuta da LaTeX a shafin Overleaf na haɗa musu har da PDF ya fito lafiya lau.

Inda suka fara ɓata min rai shi ne wasiƙar amincewa. Duk wanda ya taɓa neman tallafin halartar taro na TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ya san ba a ma fara maganar sai da shaidar an karɓi maƙalarka, kuma takardar sai ta bi ta hannun shugaban sashe da sauran ofisoshi kafin ta isa inda za ta. Na tura imel uku shiru, na bi sakataren kwamitin a WhatsApp ya ce min ana kai, sai saura kwana tara taro wasiƙar ta iso, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Da aljihuna na yi tafiyar, uwargida har yanzu in ta tuna sai ta ce taron lissafi ya cinye kuɗin buhun masara.

Hanya ba ta cikin kunshin, amma dole in faɗa saboda sanarwarsu cewa ta yi a iso ran Litinin a fara Talata, kamar kowa daga maƙwabta zai taho. Daga Gombe kwana biyu ne cur in ba jirgi za ka hau a Lawanti ba, mu kuwa ina muka ga kuɗin jirgi. Bayan asuba muka tashi, Alkaleri, gadar Dindima, muka tsaya Bauchi muka ci masa da miyar taushe don mun san daga nan sai abin da hali ya yi, Toro, Jos, muka gangara Hawan Kibo kowa na salati, Akwanga, Keffi, cunkoson Mararraba ya cinye mana la'asar. Abuja muka kwana wajen wani ɗan uwa. Washegari da muka wuce Gwagwalada na nuna wa ɗalibin da ke tare da mu Sheda, inda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1988 kuma Farfesa James Ezeilo ya fara shugabanta, yaron ya ce shi ya zaci a tsakiyar Abuja take. Daga nan Abaji, Koton Karfe, Lokoja, Okene, sai bayan isha'i muka shiga garin ƙafa duk ta kumbura.

To masaukin. Ɗaki ne mai gado biyu, fanka, banɗaki a ciki, ruwa na zuwa da asuba kawai sai ka tara a bokiti, janareto daga bakwai na yamma zuwa sha biyun dare. Soket ɗaya ne tak a ɗakin kuma yana bayan gado, Allah ya sa na taho da doguwar wayar wuta mai baki huɗu, ita ce ma ta sa ɗakinmu ya zama majalisa. In don ɗakin ne kawai da na ce otal ɗin bakin ƙofar jami'ar ya fi shi, kuma waɗanda suka sauka can sun fi mu samun ruwa da sanyin AC. Amma abin da su ba su samu ba shi ne barandar. Kwamitin ya zuba kusan duk baƙin nesa a gini ɗaya, farfesoshi a ƙasa mu ƙananan malamai da 'yan digiri na uku a sama, to da an ɗauke janareto zafi ya koro kowa waje sai ka ga an jawo kujerun roba ana hira da fitilar waya.

Daren farko wani dattijon farfesa, Bayarabe ne amma ya yi shekaru yana koyarwa a Arewa Hausa a bakinsa kamar ta Zazzagawa, ya ce Malam me ka kawo mana. Na ce ranka ya daɗe ɗan samfurin maleriya ne, na nuna cewa in lambar R0, wato yawan waɗanda mai cutar ɗaya kan sa su kamu, ta gaza 1 cutar za ta mutu. Ya karɓi takardar ya yi shiru kusan minti goma yana bi da yatsa, sai ya ce a samfurin naka mutane na mutuwa saboda cutar ko? Na ce e. Ya ce to ka tabbatar da abin a kusa da matsayar da babu cuta ne kawai, saiwoyin matiris ɗinka duk sun faɗa ɓangaren ragi, wannan daidai ne, amma ka rubuta kamar daga ko'ina aka faro nan za a ƙare, ina fankishin ɗin Lyapunov, wanda da shi ake tabbatar da hakan, da ya ba ka wannan? Kuma irin waɗannan samfuran na sauro da mutum, in mace-macen cutar ya yi yawa, tana iya zama daram a cikin jama'a ko da R0 ta ɗan gaza 1, wato in ta riga ta kafu sauko da lambar ƙasa da 1 kaɗai ba ya korar ta. Wallahi gumi ya keto min ba na zafin garin ba. A bayan kwalin sabulu ya zana min hoton yadda layin ke lanƙwasowa baya, muka zauna har ɗaya da rabi, na koma ɗaki na gyara shafi uku na silaid da ragowar cajin kwamfuta. Da otal na sauka da a gaban mutum sittin zan ji wannan maganar, kuma ba da wannan lafazin ba.

Bas ɗin kam kada ku sa shi a lissafi. Ranar buɗe taro ya zo bakwai da rabi, daga ranar aka ce ya tafi ɗauko manyan baƙi, shi ke nan. Da ƙafa muka riƙa zuwa, minti ashirin ne, in an makara a hau Keke Napep na cikin makaranta.

Zauren buɗe taro ya yi kyau, sai dai jawaban maraba da gabatar da manyan baƙi sun ci har azahar, babbar laccar da aka ware wa awa ɗaya aka matse ta a minti talatin da biyar. Daga nan aka raba mu azuzuwa huɗu, aljebra da analisis, lissafin aikace, ƙididdiga, sai koyar da lissafi. A takarda kowa minti goma sha biyar ne da biyar na tambaya, a aikace kuwa ranar Laraba shugaban zamanmu ya ce mutum ashirin da biyu ne a jerin kowa ya yi bakwai. Minti bakwai! Kafin ka gama bayyana ma'anar alamominka an ɗaga maka takarda an rubuta saura ɗaya. Majigin ajinmu tsohon yayi ne mai bakin VGA, yawancin kwamfutocinmu kuwa HDMI, ɗan adaftan da na saya a kasuwar waya kafin in taso shi ya yi wa ajin gaba ɗaya aiki har ya kusa bin wani zuwa Fatakwal. Wanda ya zo da PDF na Beamer, wato silaid ɗin LaTeX, a filasha ya huta, masu PowerPoint kuwa an sha ganin lissafi ya hau kan lissafi don kwamfutar da aka jona ba ta da irin rubutunsu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne allo. Taron lissafi guda a ce farin allon ajin an rubuce shi da makar da ba ta gogewa, makar da aka ajiye kuma ta bushe. Wata 'yar digiri na uku aka tambaye ta mataki ɗaya a hujjarta kan ka'idar Banach ta 1922, ta san amsar sarai, amma yaya za ka nuna jerin yana matsewa da baki da hannu kamar mai kiran kasuwa? Sai da wani ya yago takardar kalanda daga bango. Washegari na sayi maka biyu a shagon makaranta, ita ce sadakar da na fi alfahari da ita a tafiyar.

Abinci ba laifi in cikinka ya saba, shinkafa jalof rana ɗaya, sauran amala da eba da miya mai barkonon da sai ka share hawaye. Shayin safe lifton ne da burodi yanka biyu. Da daddare ba sa bayarwa, wannan ba su faɗa a sanarwa ba, mu dai unguwar Sabo muka gano muka riƙa zuwa cin tuwo da shan shayi wajen 'yan uwa. Jadawalin bai bar gurbin salla ba, amma masallacin jami'ar ba nisa kuma matafiya ne mu, ƙasaru muka riƙa yi muna haɗa azahar da la'asar lokacin abincin rana. Matan da ke cikinmu sun fi shan wahala, banɗakin zauren ɗaya ne ke aiki.

Sai satifiket, wanda in muna faɗa wa juna gaskiya rabin mahalarta shi ya kawo su saboda ƙarin girma. Iri biyu ne, na halarta da na gabatar da maƙala, ku tabbata kun karɓi duka biyun da risit mai hatimi kafin ku bar garin, kada ku yarda da za mu turo. Ranar ƙarshe ake rabawa bayan taron 'yan ƙungiya, shi kuma ya kai har biyar na yamma, duk wanda ya yanki tikitin motar rana ya tafi hannu rabbana. Ni na ƙara kwana ɗaya da kuɗina don in jira, na karɓa, sai a mota wajen Lokoja na buɗe na ga sun juya min suna, sunan mahaifina ya zama nawa kuma an cinye harafi ɗaya. Na tura wa sakataren hoto ya ce ana kai.

Baɗi in Allah ya kai mu zan sake biyan rajista da ɗakin, in sun yarda a cire kuɗin bas a cire, kuma tun ranar da suka buɗe karɓar maƙala zan tura tawa in fara damun su da maganar wasiƙa. Farfesan ya ba ni imel ɗinsa ya ce in turo masa gyaran kafin in kai kowace mujalla, sati biyu ke nan ina fama da fankishin ɗin nan bai fito ba tukuna.