Kafin ka sayi wufar mota: yadda ake zaɓar wufa, amfilifaya da waya

Wufa ita ce lasifikar da ke fitar da bes, wato kaurin sauti. Yawancin wufar da ke ƙonewa a but ɗin mota, tun ranar saye aka ja mata. Mai mota ya ɗauki wufa don girmanta ya burge shi, ya ɗauki amfilifaya don an rubuta 3000W a kwalinta, sannan ya ce wa mai rewaya ya haɗa da duk wayar da ta samu. Kayan nan uku dole su dace da juna, su kuma dace da abin da batir da altanetar motar za su iya bayarwa. Ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano za ka saya, ko aiko maka za a yi daga Alaba ta Legas, lissafin bai canza ba.

Mai amfilifaya a jiki ko mai zaman kanta

Akwai ƙaramar wufa mai faɗi da ake turawa ƙarƙashin kujera, galibi inci 8 ko 10, amfilifayarta na cikin jikinta. Ƙarfinta na gaskiya bai cika wuce wat 75 zuwa 150 ba. Ba za ta girgiza gilashi ba, amma tana cike giɓin bes ɗin da lasifikokin ƙofa suka kasa bayarwa, ba ta wahalar da batir, kuma babu lissafin om, wato ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta, a cikinta. Wanda yake buƙatar but ɗinsa don kaya, ko wanda tulun gas na CNG ya riga ya cinye masa wurin, ita ce tasa.

Mai son bes mai zurfi sai ya sayi wufa daban, akwati daban, amfilifaya daban. Inci 10 ta wadatar a ƙaramar mota, inci 12 ita ce tsaka-tsakin da ya dace da yawancin motoci, inci 15 kuwa tana buƙatar babban akwati da wuta mai yawa. Wufa ɗaya mai kyau a akwatin da ya dace da ita ta fi biyu masu araha da aka cusa a matsattsen akwati.

Akwatin iri biyu ne. Rufaffe, wanda iska ba ta fita, ƙarami ne: wufar inci 12 galibi lita 28 zuwa 35 take so. Sautinsa a tsare yake, bugun ganga yana fita daki-daki, kuma yana yafe ƙananan kurakuran kafinta. Mai ƙofar iska ya fi ƙara ko da wat ɗinsu ɗaya ne, amma ya fi girma, kusan lita 45 zuwa 70, kuma tsawon ƙofar da faɗinta lissafi ne. Idan kafinta ya huda rami da ka, sai ka ji gurnani mara kan gado da hucin iska. Ka nemi awon da kamfanin wufar ya bayar, a yi akwatin da katakon MDF mai kaurin milimita 18, a toshe duk mahaɗa da gam.

Wat ɗin kwali da wat ɗin gaskiya

Lambar da za ka duba ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya ɗauka ko bayarwa ba tare da yankewa ba. Abin da aka rubuta Max, Peak ko PMPO na talla ne. RMS ɗin amfilifaya ya zama kusa da na wufa: wufar wat 400 tana son amfilifaya mai bayar da 300 zuwa 500 a om ɗin da za a haɗa ta.

Tun da kayan jabu masu ɗauke da sunayen Pioneer, Kenwood, JBL da Sony sun yi yawa a kasuwa, ga hanyar kama ƙarya a tsaye: duba fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar. Mota na tafiya wutarta kusan volt 14 ce. Fiyus ɗaya mai amfiya 30 ba zai bar abin da ya wuce wat 420 ya shiga ba, kuma wani kaso yana tafiya a zafi, don haka abin da zai kai ga wufa bai fi 340 ba ko a amfilifaya mai kyau. Duk wadda ta ce 3000W da wannan fiyus, ka san inda ka ajiye maganarta.

Don wufa kaɗai, amfilifaya mai tasha ɗaya ta ajin D ta fi dacewa. Tana mayar da kusan kashi 80 na wutar da ta sha zuwa sauti, ajin AB kuwa kusan rabi ko ɗan sama. A but ɗin motar da ta wuni a ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, wannan bambancin shi ne tsakanin kiɗa mai ɗorewa da amfilifayar da ke ɗaukewa bayan minti ashirin.

Om: nan ake yawan yin ɓarna

Wufa tana zuwa da koyil, wato naɗin wayar da ke cikinta, ɗaya ko biyu. Mai biyu za ka ga tashoshin waya huɗu a bayanta. A haɗin faralel, ana haɗa + da +, − da −, sai om ya rabu biyu. A haɗin siris, ana kai − na koyil na farko zuwa + na na biyu, sai om ya ninka. Ke nan wufa mai koyil biyu na om 4 tana ba da om 2 ko om 8, ba ta ba da 4. Mai koyil biyu na om 2 tana ba da om 1 ko om 4. Wufa biyu masu koyil ɗaya na om 4, a faralel, om 2 ne.

Yanzu duba takardar amfilifayar. Yawancin masu tasha ɗaya suna jure om 2, wasu har om 1. Mai tasha biyu da aka haɗe tashoshinta wuri guda don ƙarin ƙarfi galibi ba ta yarda a sauka ƙasa da om 4. Idan ka ɗora mata wufar om 2, za ta yi zafi, jar fitilar kariya ta kama, wata rana kuma ta ƙone. Saboda haka kada ka biya kuɗin wufa sai ka san amfilifayar da za ta tura ta. Kada kuma a haɗa koyil ɗaya a bar ɗayan, domin hakan yana rage ƙarfin da wufar ke iya ɗauka.

Waya

Kunshin waya mai araha yawanci alminiyam ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Yana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na wutar da tsantsar jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, kuma bakinsa yana saurin ruɓewa. Kankare silin da wuƙa: idan cikin fari ne, alminiyam ne. Ka kuma duba kaurin silin kansa, don wasu robar ce kawai mai kauri. Kaurin waya da lamba ake faɗinsa, ƙaramar lamba ta fi kauri. Da tsantsar jan ƙarfe, lamba 8 ta isa har kusan wat 500 da fiyus na amfiya 50, lamba 4 kuma har kusan wat 1000 da fiyus na amfiya 100. Idan alminiyam kaɗai ka samu, ƙara kauri mataki ɗaya.

A cire kan − na batir kafin a fara aiki. Fiyus ya zauna cikin santimita 45 daga kan + na batir, domin aikinsa kare wayar ne: idan ta goge a jikin ƙarfe babu fiyus a kusa, gobara ce. Inda za ta ratsa bangon inji a sa mata zoben roba. Wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a ƙarfen bodi, ta zama kauri ɗaya da ta wuta, gajera, a kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin a ɗaure ta. Wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, su bi ɗaya gefen motar, nesa da wayar wuta. Wayar da ke kunna amfilifaya daga rediyo ita ce shuɗiya mai ratsin fari. Shuɗiya zalla a rediyo da yawa ta eriya ce, shi ya sa wasu wufa ke aiki a FM su yi shiru da an koma USB.

Idan rediyon motar na kamfani ne mara RCA, sayi amfilifaya mai karɓar sauti kai tsaye daga wayar lasifika, ko ka ƙara ƙaramin akwatin da ke juya shi zuwa RCA. Ka fifita mai maɓallin bes da ake kawowa kusa da direba, don ragewa nan take kusa da masallaci ko asibiti.

Altanetar ƙananan motoci galibi amfiya 70 zuwa 100 take bayarwa, AC da fitilu da fankar lagireto kuma sun riga sun ci rabonsu. Wat 500 yana iya jan amfiya 45, wat 1000 kusan 90. Wanda zai haura 500 ya sa kuɗin ƙara kaurin wayoyi uku a lissafinsa: daga altaneta zuwa batir, daga batir zuwa bodi, daga inji zuwa bodi. Kafasita, wadda ke tara wuta na ɗan lokaci, ba ta ƙirƙirar wuta, ba za ta gyara altanetar da ta gaza ba.

Saiti da gano matsala

Maɓallin gain ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne, kuma murɗe shi har ƙarshe shi ne babban mai ƙona koyil. Cire wayar wufa, kashe ƙarin bes, kai rediyo kashi uku cikin huɗu, kunna sautin gwaji na 50 Hz, ka sa mita a ma'aunin volt na AC ka auna a bakin amfilifaya, kana murɗa gain har ta nuna adadin da wannan lissafin ya bayar. Ninka wat da om ka ɗauki tushen murabba'insa: wat 500 a om 2 volt 31.6 ne, wat 300 a om 4 kuma 34.6. Matatar LPF, mai barin bes kaɗai ya kai ga wufa, a sa ta wajen 80 Hz. Akwati mai ƙofar iska yana buƙatar matatar subsonic, mai yanke bes ɗin da ya yi ƙasa da yawa, a ɗan ƙasa da Hz ɗin da aka saita ƙofar a kai, in ba haka ba takardar wufar, wato faifan gabanta da ke motsi, za ta riƙa wuce iyakarta.

Amfilifaya ta ƙi kamawa: auna volt 12 a wayar wuta da wayar kunnawa, sannan duba at. Jar fitila ta kama: zare wayar wufa, idan fitilar ta mutu, laifin na wufa ne ko na haɗin om, idan ta zauna bayan an zare RCA ma kuma wuta lafiya, amfilifayar ce. Kukan da ke tashi da taka totur yawanci daga at mara kyau ne ko RCA. Wufa biyu suna motsi amma bes ya yi rauni, an juya + da − na ɗaya.

Idan ta hannu za ka saya, je da mita. Koyil na om 4 yana nuna kusan 3.2 zuwa 3.8, idan mita ba ta nuna komai ba, ya tsinke. Danna takardar a hankali da yatsu kewaye da tsakiya, ka saurari ƙarar gogayya, ka sunsuna ko akwai ƙaurin ƙuna, ka duba zoben robar gefe ko rana ta tsattsage shi. Taɓa ƙaramin batir na volt 1.5 a tashoshin, + a kan +: takardar ta turo waje, kuma a mai koyil biyu kowane koyil ya amsa daidai da ɗan'uwansa.