Ruwan AC ne ko ruwan sama? Amsa ga mai Corolla

Malam, ka ce tun shigowar damina kafet ɗin gefen mai zaman banza ba ya bushewa, mai gilashi ya ce a cire gilashin gaba a sake gam, mai AC kuma ya ce aikinsa ne. Kar ka ba kowa sisi tukuna, bari in jera maka su biyun.

Ruwan AC ba ruwansa da hadari. Iska mai laima ce take taɓa sanyin na'urar da ke bayan dashbod, ta zama raɓa, ta fita ƙarƙashin mota ta wani ɗan tiyon roba. Shi ne ɗigon da kake gani a ƙasa in ka faka. Tiyon na toshewa sai ruwan ya dawo kan kafet, wani lokaci har ka ji yana motsi a dashbod in ka sha kwana. Abin da ke ruɗa mutane, shi ma a damina yake yawa, don iskar Agusta jiƙe take, ta Fabrairu kuwa da ƙyar take ba da ɗigo. Gwajinsa kyauta ne: ranar da gari ya yi wasai, kunna AC na minti 20, ka durƙusa ka leƙa. In ƙasa a bushe take, kafet kuma ya ƙara laima, magana ta ƙare. A busa wa tiyon iska a hankali. Kar yaron gareji ya zura waya can ciki, yana iya huda na'urar.

Ruwan sama kuwa ko motar a ajiye ta kwana, da safe za ka tarar da shi. Kuma ba kasafai gilashi ne mai laifi ba, sai in an taɓa canza shi. Ɗaga bonet ka duba ƙarƙashin robar da waifa ke zaune. Akwai magudana a nan, ƙurar hunturu da ganyen darbejiya suna haɗuwa su zama laka su toshe ta, ruwa ya taru ya tsallaka ta ramin da fanka ke jan iska, wanda yawanci gefen mai zaman banza yake. Ni sau biyu na biya kuɗin gam kafin wani tsohon makanike a Ƙofar Ruwa ta Kano ya sa hannu ya kwaso lakar cikin tafinsa, har da 'ya'yan darbejiya da suka fara tsiro. In motar mai buɗaɗɗen rufi ce, tana da siraran tiyo a kusurwoyinsa, su ma suna toshewa. Sai ledar cikin ƙofa mai tare ruwa, wadda masu sa sifika ke yagewa su manta.

Gwajin wannan sai mutum biyu. Ɗaya a ciki da tocila, ɗaya yana zuba ruwa da buta ko tiyo, daga ƙasan ƙofa zuwa sama, kowane wuri a ɗan jira. Ban da injin masu wankin mota, ƙarfinsa na tura ruwa inda ruwan sama ba ya kaiwa.

Akwai na uku: hita, mai ɗumama cikin mota, wadda ruwan lagireto ke bi ta cikinta. In ruwan na da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, gilashi na yin hazo, daga lagireto yake. Tunda yawancinmu ruwan famfo muke zubawa, kala ba za ta nuna ba. Duba ko lagireto na raguwa, inji a sanyaye.

Yadda ka kwatanta, na fi zargin tiyon AC, sai magudanar waifa. Ko wanne ne, a ɗaga kafet ɗin, don soson da ke ƙasansa na riƙe ruwa ko sama ya bushe, kuma wayoyi na bi ta wajen. A shanya shi a rana kwana biyu kafin a mayar.