Dashen haƙori a waje: a duba ƙashi kafin a duba kuɗi

'Yan uwa na gida, kun yi ta tambaya a kan dashen haƙori, wai tsakanin Ingila, Jamus da Turkiyya ina ya fi. Kowa kuɗi yake fara tambaya, alhali daɗewar dashe tana ga ƙashin muƙamuƙin da ya riƙe shi.

Ƙusar wani ƙarfe mai suna titaniyom ake murzawa cikin ƙashi, a bar ta wata 3 zuwa 6 ta kama, sannan a ɗora haƙorin. Ba laifi ƙashin wuyan ƙusar ya ɗan janye kamar milimita 1 zuwa 1.5 a shekarar farko. Bayan nan kada ya wuce milimita 0.2 a shekara.

Wata ɓarnar daga hannun likita take. In na'urar huda ta yi zafi har ƙashi ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ƙashin wurin ya mutu, shi ya sa ake ta zuba ruwan gishiri mai sanyi ana huda a hankali. Ana barin milimita 3 tsakanin ƙusa biyu, 1.5 tsakanin ƙusa da haƙorin asali. In aka matse su, ƙashin tsakiya ya zaizaye. Sai simintin manna haƙori: ɗan ragowar da ya maƙale ƙarƙashin dasashi yana tara ƙwayoyin cuta, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini in an goga, ƙashi yana narkewa ba ciwo. Haƙorin da ake ɗaurewa da ƙaramin sukuru maimakon siminti ya tsira daga wannan.

A Ingila tsarin lafiya na gwamnati, NHS, bai cika biyan dashe ba, sai asibitin kuɗi, ƙwaya ɗaya kan kai fam dubu biyu ko fiye. A Jamus inshorar gwamnati kan ba da ɗan tallafi a kan haƙorin da ake ɗorawa, ƙusar kuwa aljihunka. Tsada kam akwai, amma suna kiran mutum a duba shi, a ɗauki hoton ƙashi a kwatanta da na baya. Turkiyya ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma akwai ƙwararru a Istanbul. Inda gizo ke saƙar shi ne an gama aiki ka hau jirgi, in dasashi ya fara jini bayan shekara wa zai duba?

Mai shan taba, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai tsohon ciwon dasashi da mai gurzar haƙora cikin barci, ko ina aka yi musu aikin, ƙashinsu ya fi saurin zaizayewa. A yi maganin dasashi tukuna. Asuwaki kuma ba ya shiga tsakanin haƙora, sai an haɗa da ɗan siririn buroshin tsakani.

Kada a baro asibiti sai an karɓi hoton ƙashi na ranar dashe da takarda mai sunan kamfanin ƙusar, Straumann ne ko Osstem, da tsawonta da kaurinta. Kayan kwance ƙusoshin ba iri ɗaya ba ne, likitan Kano ko Abuja sai ya san irinta kafin ya taɓa.